Kilishin da Na Kai Tsibiri

Ba zan taɓa mantawa da tafiyarmu tsibirai ba, ko da duk waɗanda suka shiga jirgin ruwan nan za su yi mini alfarmar mantawa.

Lokacin ina digiri na biyu a Kuala Lumpur, ina zaune a Setapak, kuma ina son Nafisa. Ita ma karatu take yi, tana gidan yayanta, Yaya Kabiru, a Bukit Jalil. Ta kusa gamawa ta koma Katsina, mahaifinsu kuwa ya ce duk mai nemanta a nan, abin da Kabiru ya faɗa a kansa shi za a bi. Ni kuma tun da na san Yaya Kabiru ban taɓa haɗa ido da shi ba. In muka gamu a masallaci ko a shagon mamak, inda ake shan shayi da cin abinci, rusunawa nake yi in gaishe shi, idona a kan takalminsa. Ko shayi ban taɓa kurɓa a gabansa ba. Na fara surukuta tun ba a ba ni ba.

Da ɗalibai 'yan gida suka shirya zuwa kallon namun daji a tsibiran Langkawi, na ji har da su biyun, sai na ce damata ta zo. Ni da littattafan soyayya na haya aka raine ni, kuma a cikinsu ba a taɓa furta babbar magana a tsakar gida ba, sai a bakin teku, iska na kaɗa mayafi. (Ruwan da na taɓa shiga a rayuwata bai wuce gwiwa ba.) Na haddace kalamaina, na sa shaddata mai sitaci, na zura ƙunshin kilishin da Inna ta aiko mini a aljihu, don ba a zuwa zance hannu rabbana.

A bakin ruwa aka ɗaura mini rigar ceto ruwan lemo a kan shaddar, na koma kamar buhun gero.

Amma wurin, Allah ya yi halitta. Duwatsu tsaye cikin teku, itatuwa da saiwoyinsu a waje kamar masu tattare wando, mikiya tana saukowa ta taɓa ruwa ta tashi. Nafisa ta zuba ido tana kallo, na ji a raina cewa in ta tafi ban yi magana ba, wannan shirun zai bi ni har tsufa.

Jirgi ya rage gudu a wata 'yar matsatsiyar hanya, birai cike da rassa. Yaya Kabiru yana gefena yana ɗaukar hoto, Nafisa tana bencin da ke fuskantarmu. Na yi gyaran murya, na zaro ƙunshin, ledar ta yi ƙara.

"Nafisa, tun ranar da idona..."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Wani ƙaton biri ya diro a kan gwiwata, jiƙe sharkaf, ya yage mini haƙora.

Ban san lokacin da na ce "Wayyo Inna!" ba. Ban kuma san yadda aka yi ba, sai ganina na yi a kan cinyar Yaya Kabiru, na rungume wuyansa da hannu biyu, hulata a ruwa. Mutumin da ban taɓa kallon fuskarsa ba, ga hancina yana gogar gemunsa.

Nafisa ce ta fizge ƙunshin daga hannuna ta wurga bakin gaɓa, biri ya bi abinsa. Jirgi ya kaure da dariya. Wani daga baya ya ce, "Ango, a sauka lafiya, an iso tasha!"

Yaya Kabiru bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, in ka gama, ƙafata ta yi sanyi."

Na zame na zauna, ina fatan teku ta buɗe. Nafisa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. A raina na ce shi ke nan, na kashe maganar da hannuna.

Sai da muka sauka a wani tsibiri don yin azahar ya ja ni gefe. Ya ce, "Ka san abin da na yi niyyar gaya wa Baba? Cewa ban san ka ba. Kullum ƙeyarka nake gani. Yau dai na ga fuskarka, na kuma ji wa kake kira in ta ɓaci. Wanda ya tuna uwarsa a gaban biri ba zai wulaƙanta 'yar mutane ba." Ya miƙo mini shinkafar da suka yi tapau ɗinta, wato suka sayo a ƙunshe. "Zauna ka ci a gabana. In mun koma, ka ce manyanka su je Katsina."

Na zauna na ci a gabansa.

Kunya ado ce, ban musa ba, amma na gane cewa in ta yi yawa ɓuya ce kawai, kuma ba mai ba da ƙanwarsa ga wanda bai taɓa gani ba. Sai dai in za ka nuna wa surukinka ainihinka, ɗan'uwa, nemi hanyar da ba sai ka hau cinyarsa ba.