Yadda Na Fita Daga Qatar Ban Fita Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a farkon zamana a Doha ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da waɗanda suka shaida ta.

Da bizar ziyara na shigo ƙasar. Saura kwana biyar ta ƙare sai Allah Ya haɗa ni da aikin tuƙi a wani kamfanin raba ruwan sha. Mai kula da takardun ma'aikata, wanda ake kira mandub, wani Basudane ne, Ustaz Usman. Kakarsa Bahaushiya ce, don haka yana jin Hausa, irin ta tsofaffi. Shi ya ce min bizar aikina ta fito, amma dole in fita daga ƙasar in sake shigowa da ita. In na bari ta ziyarar ta mutu ina ciki, tara ce kullum, kuma kafil, wato mai kamfanin da ya tsaya min, ba zai jira ni ba.

"Ka sayi tikitin Bahrain, ka tafi da safe ka dawo da yamma," in ji shi.

Na tambayi kuɗin tikitin, ya faɗa min. Kusan duk abin da ya rage min ne daga guzurin da na taho da shi.

A unguwar Muntazah nake kwana, a ɗakin Malam Sabo, wani dattijo ɗan Gumel da ke gadi a rukunin gidajen Turawa a Nu'aija. Ina ba shi labari sai ya ce akwai wani Bature a wurinsu da ba ya hawa jirgi. Mota yake shiga ya tafi Abu Samra, bakin iyakar Saudiyya, a buga masa hatimi ya dawo.

"Amma ka tambayi mandub ɗinku tukuna, ban san yadda abin yake ba," ya ƙara da cewa.

Na ce, "Malam, ni fa ɗan Maigatari ne. A bakin boda aka yanke min cibi." (Gaskiya ne, amma iyakacin ilimina na boda shi ne ɗaga wa jami'i hannu daga kan babur in wuce Nijar cin kasuwa.)

Na zauna na yi lissafi: shatar mota zuwa da dawowa, ɗan abinci, da abin da za a karɓa a boda, duka bai kai rabin tikiti ba. Har na fara tausayin masu hawa jirgi.

Direban da na samu ɗan Pakistan ne. Ba ya jin Turanci sosai, ni ba na jin Larabci sai na salla. Na ce masa, "Boda. Go, come." Ya gyaɗa kai, ya ce yalla, wato mu je. Muka ɗauki hanyar Salwa, sahara hagu da dama, sai raƙuma jefi-jefi. Sau biyu yana tambaya ta wani abu da ya ƙare da "Saudi", ni kuma ina cewa e, don kada ya raina ni.

Muna isa na rikice. Ga layin manyan motoci, ga na ƙanana, ga alluna ko'ina da Larabci marar wasali. Ina iya haɗa baƙaƙen, amma ma'ana sai Allah. Direban ya faka gaban wani ɗan ofis mai taga, ya ciro wani kati daga aljihun mota ya miƙo min, ya nuna tagar da baki.

Na bi layi. Da aka zo kaina na tura fasfo da katin. Mutumin ya kalli fasfon, ya kalle ni, ya turo min abina. Katin ya riƙe. Ya yi tambaya, na ce e. Ya sake wata, na sake cewa e. Ya ɗaga yatsu yana nuna kuɗi, na biya. Ya fitar da takarda, ya buga mata hatimi har biyu, ya haɗo min da katin.

Na jujjuya takardar. Me ya sa bai buga a fasfo ba? Sai na ba kaina amsa: ƙasa ce mai ci gaba, komai a kwamfuta yake. Ina kuma shigowar? Wataƙila hatimi ɗaya na fita ne, ɗaya na shiga. Ai biyu ne.

Na koma mota na ce, "Khalas. Doha." Wato an gama, mu koma.

Direban ya juyo gaba ɗaya. "Saudi no?"

"No. Finish."

Ya miƙo hannu in ba shi takardar, na hana. Katinsa kawai na mayar masa. Ya daɗe yana kallo na, sannan ya ta da mota. Har muka shigo gari, lokaci-lokaci sai ya leƙo ni ta madubi.

Da a ce na yi shiru, da abin ya zo da sauƙi. Amma kafin gari ya waye na riga na shaida wa wasu 'yan Najeriya biyu, sababbin zuwa masu matsala irin tawa, cewa kada su kuskura su sayi tikiti. Har na ce su biyo ni ofis su gani da idonsu.

Ofishin a cike yake da direbobi. Na ajiye fasfo da takarda a gaban Ustaz Usman kamar wanda ya kawo sakamakon jarrabawa. Ya buɗe fasfon, ya bi shi shafi-shafi, ya dawo farko.

"Ina hatimin?"

Na nuna takardar. Ya gyara tabarau ya karanta. Ya ɗago.

"Ɗana, kana da mota ne?"

"A'a, Ustaz."

"To wannan inshorar mota ce. Ka yi wa motar wani bawan Allah inshorar shiga Saudiyya ta wata guda." Ya sake dubawa. "Mai tsadar ma ka zaɓa."

Da Hausa ya faɗa, don ya rufa min asiri. Sai dai rabin ofishin Hausawa ne, kuma nan take wani ya ɗauki nauyin fassara wa sauran. Dariyar ta zo kashi-kashi: ta Hausawa, ta Larabawa, sannan ta 'yan Indiya. Sababbin zuwan nan biyu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Ni kuwa har lokacin ban gama fahimta ba. Na ce, "Amma dai na fita ko?"

"Ko ƙofar ba ka kai ba. Kuma da ka kai, da sun koro ka, tunda ba ka da bizar Saudiyya."

"To Baturen fa?"

"Wane Bature?" Na yi masa bayani. Ya ce, "Shi yana da ita. Kai me kake da shi?"

Saura kwana biyu bizata ta mutu. Tikitin da na guje wa ya ƙara kuɗi saboda ƙurewar lokaci, sai da na sayar da wayata aka cika. Na je Bahrain, na zauna a filin jirgi awa shida da ruwan gora ɗaya, na dawo. Da aka buga min hatimin gaske, sai da na tsaya gefe na karanta shi harafi-harafi, har jami'in ya ce in matsa.

Aikin dai bai kuɓuce ba, na yi shekara huɗu a kamfanin. Amma sunana na yanka ya ɓace, kowa Mai Inshora yake ce min, har kafil.

Tun daga nan, in aka yi min tambaya da yaren da ban ji ba, na daina cewa e. Gara a ce min baƙauye sau ɗaya a bakin taga, kyauta, da in biya kuɗi a tabbatar min a rubuce.