Agogon da Ya Sha Nono

Bayan yaƙin basasa na shiga tara agogunan matuƙa jirgin saman soja, ina saye ina sayarwa. Ban taɓa yin wauta a harkar ba sai wata ranar kasuwar Kankia.

Wani dillalin gyaɗa daga Kusada ya ɗauki wanda na fi ji da shi.

"Alhaji, in ruwan sama ya dake ni fa?"

Na yi dariyar masana. "Agogon da ya ratsa gajimare? Kawo ka gani."

Babu ruwa kusa, sai Bafulatana mai fura a gefenmu. Na tsoma shi cikin ƙwaryar nononta, ina yi wa jama'a bayanin tuƙin jirgi, ni da ko mota ban iya ba.

Da na tsamo shi, gilashin ya yi fari fat daga ciki, hannayen sun tsaya cak.

Dillalin ya kara shi a kunne. "Ya ƙoshi, Alhaji. Barci yake."

Har yau in na ratsa wajen masu nono, sai wata ta ɗaga ludayi: "Baba, kai za a dama wa, ko agogon?"