Baristan Ƙarƙashin Bene da Injin Leda

"Ni fa a garin nan babu takardar da ta taɓa bi ta hannuna aka dawo da ita. Ko ɗaya! In na shiga ofishin shige da fice, har masu gadi miƙewa suke yi."

Haka Barista yake faɗa wa duk wanda tsautsayi ya zaunar a kan bencinsa. Kada ka ji an ce Barista ka zaci ya taɓa leƙa makarantar lauyoyi, ɗan'uwa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ranar da ya sayi wata baƙar kwat a gwanjo. Shekararsa bakwai da barin gida zuwa wannan ƙasa ta waje, kuma abin da ya sani na doka bai wuce wanda ya tsinta a layin sabunta takardunsa ba. Ofishinsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗaukar hoto. In ya miƙe da sauri sai kansa ya gaisa da siminti. Amma allon da ya kafa a ƙofa ya fi ofishin faɗi: izinin zama, rajistar kasuwanci, shawarar lauya, neman gidan haya, duk don baƙi sababbin zuwa. Kuma gaskiya ne ba a taɓa dawo masa da takarda ba, domin aikin da ake kawo masa bai wuce kwafi da cike suna da adireshi ba.

To, ana nan sai mutumin naka ya sayo injin lamineshin, wannan da ake zura takarda cikin leda ya gasa ta, ta fito tana ƙyalli. Wayyo, Barista ya samu abin wasa! Katinsa na aiki ya sha leda, kalanda ta sha leda, hoton aurensa ya sha leda. Har katin rigakafin yara bai tsira ba. Matarsa ta ce da ɗan autansu zai tsaya wuri ɗaya, da tuni shi ma an rufe shi.

Yayan matar tasa kuwa kafinta ne, dattijo mai sanyin hali, wanda ya sayar da shagonsa a gida ya zo da bizar wata uku don ya kafa sana'a a nan. Bizar za ta ƙare ranar Juma'a. Bayan mako goma yana jira, an ba shi ranar ganawa: Alhamis, ƙarfe goma na safe. In ta kuɓuce masa, sai dai ya ɗaure kayansa ya koma inda ba shi da shago kuma.

Ranar Laraba da safe matar ta tare Barista a bakin ƙofa.

"Baban yara, kwafi kawai za ka yi wa Yaya. Kwafi. Ka ji ni?"

"Ke dai ki ji da tukunyarki. Ni za ki koya wa aikina?"

Yaya Kafinta ya iso ofis rungume da ambulan a ƙirji. Takardu uku ya fito da su. Akwai takardar shaidar sana'arsa mai hatimi mai tudu, wadda ya samu shekara ashirin da suka wuce a wata makarantar da tuni aka rufe. Akwai fom ɗin neman izini da ya cike da hannunsa. Sai wata 'yar siririyar takarda mai kama da rasit ɗin kanti, mai ɗauke da lamba da ranar ganawa.

Barista ya ɗaga takardar shaidar da yatsu biyu, ya girgiza kai.

"Yaya, haka za ka shiga gaban hukuma da takarda tsirara? Mutanen nan ƙyalli suke dubawa. Suna ganin leda sun san mutum ya san kansa."

"Ƙanwata ta ce kwafi ne kawai..."

"Ƙanwarka ta taɓa shiga ofishin? Zauna ka ga aiki."

Takardar shaida ta shiga, ta fito da ɗumi tana walƙiya. Fom ya shiga, ya fito kamar faranti. Barista ya ɗan yi fito, ya zura 'yar takardar ganawa. Abin da bai sani ba, irin wannan takarda da zafi ake buga rubutunta, ba da tawada ba. Ta shiga fara sol, ta fito baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, babu lamba, babu rana, babu komai.

Yaya Kafinta ya miƙe tsaye. "Inna lillahi! Ina lambar tawa?"

Amma bakin Barista bai mutu ba. Ya ɗaga ta saitin ƙwan lantarki, ya juya, ya hura mata iska.

"Tana ciki, Yaya. Ai wannan shi ne tsaro. Yanzu ba wanda zai iya sace maka lamba. Su suna da na'urar da take karanta baƙi."

Mai gyaran waya da ke leƙowa ya koma shagonsa da sauri, aka ji kamar yana tari.

Washegari tun ƙarfe tara suna bakin ofishin shige da fice. Layi ya miƙe har kwana. Barista ya bi shi yana raba katinsa mai ƙyalli, yana cewa, "In an wahalar da ku, ku neme ni." Da suka iso ƙofa mai gadi ya karɓi baƙar takardar, ya duba gaba, ya duba baya, ya dubi Barista.

"Wannan fa? Gawayi kuka kawo mana?"

"Ka sa ta a na'ura mana."

"Wace na'ura?"

Allah ya taimaka mai gadin ba mugu ba ne. Ya karɓi fasfon kafinta, ya bi jerin sunayen da ke hannunsa da yatsa, ya ga sunan, ya ce su wuce. Suna shiga Barista ya gyara kwat ya raɗa wa surukinsa, "Ka gani? Ya gane ni ne. Wasa yake yi."

A taga ta uku wata jami'a ce, babbar mace mai tabarau a kan karan hanci, irin waɗanda ba sa ɗaga murya don ba su da buƙata. Ta karɓi fom, ta danna hatimi a tawada, ta buga. Hatimin ya zame suuu a kan leda, shuɗiyar tawada ta shafe mata gefen hannun riga. Ta dubi rigar, ta dubi fom, sannan ta ɗago.

"Wa ya yi wannan?"

Barista ya turo kai gaba. "Ofishina ne, ranki ya daɗe. Sabon tsari ne."

Jami'ar ta ɗauki takardar shaida, ta shafa yatsa inda hatimin mai tudu yake. Zafin inji ya daɗe da shafe tudun, wurin ya zama sumul.

"Fom ba matsala, ga wani, a sake cikewa. Amma takardar asali da aka rufe da leda ba ma karɓa, don ba ni da yadda zan gane ta gaske ce. Ƙarfe biyu muke rufe taga. In kun kawo mini ita babu leda, zan duba. In ba haka ba, sabuwar ranar ganawa sai bayan wata huɗu."

"Ranki ya daɗe, bizata gobe za ta ƙare," in ji kafinta.

"Na gani, Baba. Shi ya sa na ce ƙarfe biyu."

Ka ga gudu! Barista ya manta da girman kwat. Sha ɗaya da rabi suna gida, ya shimfiɗa tawul a kan teburin cin abinci, ya jona dutsen gugar matarsa, ya ɗauko reza. Matar ta fito daga kicin, ta ga fuskar yayanta, ta ga takarda a leda, ba sai an yi mata bayani ba.

"Kwafi na ce maka."

"Ki yi shiru, aikin likita nake yi. Abin da zafi ya manne, zafi ne zai buɗe shi. Kimiyya ce."

Ya ɗora dutsen guga, ya ƙirga goma. Ya ga bai isa ba, ya ƙara ashirin don ya tabbatar. Wari ya tashi. Ya sa reza a kusurwa, leda ta ɗan buɗe baki, ya waiwayo yana murmushin nasara.

"Kun gani?"

Ya ja. Ledar ta taso kyat-kyat-kyat, ta taso da sunan Yaya, da sunan makaranta, da sa hannun shugabanta, da komai. Takardar ta rage fara fat kamar yau aka sayo ta. Ita kuma ledar, da iska ta buge ta, sai ta takure ta nannaɗe kamar busasshen ganye.

Yaya Kafinta ya zauna a hannun kujera, ya dafe kai. Ita kuwa matar ta shiga ɗaki ta yafo mayafi.

"Tashi mu tafi. Da ni za a koma."

Biyu saura kwata suna gaban taga ta uku. Kai ka ce Barista zai saduda? Ina! Ya ajiye farar takarda a dama, ya ajiye nannaɗaɗɗiyar leda a hagu, ya danne ta da yatsa don kada ta mirgine.

"Ranki ya daɗe, an cika umarni. Ga takarda babu leda. Rubutun kuma ga shi nan gefe. Sai ki karanta a nan, ki buga hatimi a can."

Jami'ar ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Wani da ke taga ta biyu ya fashe da dariya har fasfonsa ya faɗi.

A nan ne Yaya Kafinta ya matsar da surukinsa gefe da hannu ɗaya, kamar yadda yake matsar da katakon da ya tare masa hanya. Ya ɗora tafukansa biyu a bakin tagar, duk sun yi kanta, ga tabon kurfin sassaƙa.

"'Yata, ni ban iya dogon zance ba. Shekara ashirin takardar nan tana ƙasan akwatina, ko ruwa bai taɓa ta ba. Kwana ɗaya ta yi a hannun wannan bawan Allah. Shagona na sayar na zo. In kin mayar da ni, ban san me zan ce wa iyalina ba."

Jami'ar ta daɗe tana kallon hannuwan. Tausayi ya kama ta, ba ta kuma ɓoye ba.

"Akwai hanya ɗaya, Baba. Wanda wani ya lalata wa takarda, muna ƙara masa kwana talatin, mu tura shi cibiyar sana'a a gwada hannunsa. In ya ci, su ba shi sabuwar shaida. Amma sai wanda ya yi ɓarnar ya rubuta da hannunsa cewa shi ya yi." Ta turo takarda da biro. "Bismillah, Barista."

Barista ya yi wuƙi-wuƙi, ya sunkuya ya rubuta: "Sakamakon matsalar wutar lantarki da ta fi ƙarfin ofishinmu..."

Ta janye takardar, ta yage, ta ba shi wata. "Ni zan faɗa, kai ka rubuta. 'Ni ba lauya ba ne.'"

"Ranki ya daɗe, ai wannan magana ce mai faɗi..."

"Saura minti shida," in ji ta.

"Rubuta, Baban yara," in ji matarsa daga bayansa, a hankali. Ya san wannan muryar. Ya rubuta.

Jami'ar ta ci gaba: "'Ban taɓa karanta doka ba. Ni na ƙona takardar ganawa, ni na goge takardar shaida da dutsen guga, saboda rashin sani da rashin tambaya.' Sa hannu. Kawo katin nan naka mai ƙyalli."

Ta buga wa fasfon kafinta hatimin kwana talatin, tas, a kan takarda mai shan tawada. Yaya ya karɓa da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa, ƙanwarsa tana ta hamdala. Sannan jami'ar ta yi kwafin takardar Barista ta jefa a fayil, ta haɗa ta asalin da katinsa da baƙar takarda da nannaɗaɗɗiyar leda.

"Na daɗe ina neman abin da zan nuna wa mutane, don sun ƙi jin magana. Wannan a allon sanarwa za mu kafa shi, can bakin ƙofa, inda ake layi."

Barista ya zabura. "Inda ake layi, ranki ya daɗe? Ai ruwan sama zai lalata ta. Gara a adana a fayil."

"Ka yi gaskiya, ruwa zai lalata ta." Ta miƙo masa takardar da ya rubuta ta ƙarƙashin gilashin taga. "Je ka sa mata leda, ka dawo da ita gobe da safe. Ita kaɗai na yarda ka rufe, don ina so ta daɗe."

Kafin Barista ya samu bakin magana, Yaya Kafinta ya zaro tef ɗin awo daga aljihu, ya auna tsawon takardar, ya auna faɗinta, ya rubuta a tafin hannunsa.

"'Yata, firam ɗin kuma a bar mini, kyauta. Da katakon da gara ba ta ci zan yi shi."