Lauya Ba-Amma da Tabon Humu

Matso kusa, ɗan'uwa, ja kujerar nan ka zauna, in ba ka labarin babban masanin shari'ar da Allah ya azurta Zangon Kumasi da shi. Malam Boukari ke nan, wanda ya shekara tara yana sharar kotu, har ƙurar doka ta shige masa kai ta hanci. Tun da aka sallame shi bai tuɓe baƙin kwat ba, ko da rana na narka kwalta. Muna kiransa Lauya Ba-Amma, don a iliminsa shaida kalma biyu gare shi: e ko a'a.

A ƙarshen 1969, da gwamnati ta ce baƙi marasa takarda su bar ƙasa, wani Brimah ya ɗaure kaya zai koma Nijar, ya rantse ba zai bar ƙanwarsa Humu ba. Ita kuwa tana da miji, Issifu tela, ɗan ƙasa, haifaffen Tafo a nan Kumasi, mutumin da ko kaza ta shiga shagonsa sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Sai Brimah ya kai ƙara zauren mai unguwa, wai Issifu na jibgar ta, ga tabo shida a bayanta, a raba auren kafin motar Lahadi ta tashi. Humu ba ta iya ƙaryata wanta gaban dattawa. Ta ja mayafi tana hawaye, kowa ya fassara hawayen yadda ya so.

Tabon nan fa na ƙaho ne. Ciwon baya ya dame ta, mijin ya kira Kimba wanzami. Magana ce ta numfashi ɗaya. Amma wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, Issifu ya ɗauko Lauya.

Gwanin ya fara da Brimah. Ya tambaye shi sunan kakansa, da inda inuwa ta fuskanta ranar dukan, da ko ya karya kumallo. Har aka kira azahar bai tambaye shi ko ya gani da idonsa ba. Manya ba sa tsayawa kan ƙananan abubuwa.

Bayan salla aka kira Kimba, shaidan Issifu ɗaya tilo. Jinin aiki ya riga ya hau, Boukari ya manta na wane ne.

"Shaida, dube ni! Ka ga jini a bayan matar nan? E ko a'a?"

"E, amma ai..."

"Babu amma a shari'a! Issifu yana wurin?"

"E, shi ne ma ya riƙe ta, don..."

"Ta yi ƙara?"

"Ta ɗan yi."

Boukari ya juya yana gyara kwat. "Ranka ya daɗe, ka ga aiki? Na matse shi sai da ya amayar da gaskiya!"

Issifu ya ja shi ta baya: "Lauya, don Annabi, ai namu ne!"

Mai unguwa ya buɗe baki zai raba aure, sai liman ya ce, "Wanzam, ƙarasa mana ammar nan taka." Kimba ya zaro ƙaho daga zabira. Aka sa wata tsohuwa ta shiga ciki da Humu ta gwada bakinsa da tabon. Shida cif, kamar tukunya da murfinta. Ran Lahadi Brimah ya hau mota shi kaɗai.

Boukari ya bi Zango yana shela wai dabara ce, irin ta manyan kotu.

Ran Juma'a ya je aski wurin Kimba. Wanzam ya kwashe gefen dama tas, ya naɗe askarsa.

"Lauya, na yi maka aski? E ko a'a?"

"E, amma saura..."

"Babu amma."

Haka ya tafi masallaci, hula danne har kunne. To, kai da ka ji, in gobe aka yi maka sharri, Lauya za ka kira ko wanzami?