Lasisin Yankan Cuku

"Lafiya lau nake. Sai ka tsaya a ƙofa kana ɗiga min ruwa a darduma? Shigo, ɓeran asibiti!"

Haka Kaka Tjitske ta tarbi jikanta Douwe ranar Lahadi, bayan ya jingine kekensa, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf. Ita ta yi ritaya daga ɗakin gwajin da ake yanka tsokar marasa lafiya siriri a duba ciwo, shi kuma can yake aiki yanzu. Bana hukuma ta raba ayyukan ɗakin aji-aji. Rina tsokar da zuba mata kaki na ƙaramin aji ne, amma zaɓen inda za a yanka sai wanda ya ci jarrabawa ya sami lasisi. Douwe ya zauna jarrabawar, sakamako ya fito, ya ƙi gaya wa kowa.

"To, ka ci, ko sun mayar da kai wankin gilasai?"

"A haɗa min kofi in sha tukuna. Ba a tsare babban ma'aikaci da tambaya cikinsa na kuka."

"Babban ma'aikaci! Kai da ka yanke yatsa wajen feƙe fensir?"

"Ke fa? An ce a zamaninku da wuƙar burodi kuke yanka hanta, kuna haska wa likita da kyandir."

"Maƙaryaci! Yankana in ka ɗora a jarida sai ka karanta labarai ta cikinsa. Kuma ba wanda ya taɓa tambayata aji."

"Ai saboda ke aka yi dokar. Sunanki ma suka so sa mata."

Ta jawo cuku da wuƙa, sai ya riƙe mata hannu.

"Ajiye, tsohuwa. Wannan aikin babban aji ne. Ina lasisinki?"

"A gidana? Cukuna?"

"Ajinki shafa man shanu a burodi ne. Shi ma sai ina tsaye a kanki."

Ta ƙura masa ido ta saman tabarau.

"Douwe. Ka ci?"

"Na ci, Kaka. Gobe zan fara."

Ta dangwarar da wuƙar, ta rungume shi da jiƙaƙƙiyar rigarsa, tana goge ido.

"To yanka mu gani, mai lasisi."

Ya yanka. Ta ɗaga yankan saitin taga, ta juya shi, ta sake juyawa.

"Wayyo marasa lafiyar garin nan! Wannan ai bulo ne!"

Ta fashe da dariya, ta naɗe cukun gaba ɗaya ta cusa masa a jaka.

"Na sallama, ka fi ni aji. Tafi da shi ka yi ta koyo kafin gobe."