Ranar da Na Nutse a Ruwan Cinya

Har gobe ba zan taɓa mantawa da shekarata ta farko a Yauri ba, lokacin muna jihar Sakkwato. Ni ne sabon jami'in kula da yaran da suka yi laifi. A da bulala ce ko gidan horo, sai aka ce yanzu a bar yaro gidan iyayensa, mu riƙa leƙa shi. Na zo da taye da Turanci, ina jin ni kaɗai na fahimci zamani.

Alƙali ya danƙa mini Garba, ɗan masunta daga Warra, wanda ya saci kwalekwalen wani Alhaji Manu ya sha yawo. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa: ya sake taɓa kwalekwale, sai gidan horo a Sakkwato.

Ranar ziyara na je ta ruwa cikin kwalekwale (ni da ko rafin garinmu ban taɓa tsallakawa ba). Da na hango Garba a bakin gaɓa, mutane cike, sai na miƙe tsaye don a san hukuma ta iso. Mai tuƙi ya ce, "Malam, zamna." Ban zauna ba. Sai ji kake tsundum.

Na yi ihu, na yi salati, har Innata sai da na kira. Garba ya faɗa kwalekwalen da ya fi kusa, ya tuƙo da gudu. Na wa? Na Alhaji Manu.

Garba ya iso, ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Malam, ka tashi tsaye mana."

Na tashi. Ruwan iya cinya.

Alhaji Manu bai yi wata-wata ba ya kai ƙara. A kotu na so in yi shiru, wallahi na so, amma shiruna zai kai yaron Sakkwato. Haka na tsaya na zayyana komai.

Alƙali ya gyara tabarau. "Ruwan ya kai ina?"

"Cinya, ranka ya daɗe."

"Taka ko ta yaron?"

Har ɗan sandan kotu sai da ya fita waje ya yi dariya. Aka sallami Garba, na ji daɗi ƙwarai, kuma na ji kamar ƙasa ta tsage.

Tun daga nan na gane aikin nan wani lokaci da mutuncinka ake belin yaro. Kuma hukuma, in ta shiga kwalekwale, gara ta zauna.