Yadda Shirin Hawan Kilimanjaro Ya Tuɓe Ni a Damare

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ba, ko da ma na so in manta, domin surukata tana nan da ranta kuma ƙwaƙwalwarta garau take.

Bulus ne ya jawo mini. Abokina ne tun sakandare, ɗan wajen Numan, siriri kamar sanda, mai son wahalar da ba ta da dalili. Shi ya shigo zauren 'yan ajinmu na waya ya ce ya samo wani kamfani da ke kai mutane hawan dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, da ɗan jagora da tanti da komai, wa zai je? Aka yi ta tura hoton dariya. Sai wani ya rubuta a kaina cewa kada a sa ni a lissafi, tunda hawa bene na biyu a sakatariya ma sai na tsaya a tsakiya na yi kamar ina amsa waya. (Gaskiya ne, amma ban san ana lura ba.) Cikin zafin rai na rubuta, "A sa sunana." Shekarata arba'in da huɗu a lokacin, ga tumbi irin na ma'aikacin gwamnati, wanda aka gina a hankali da tuwo da zaman ofis.

Da na gaya wa matata Hadiza, ta daɗe tana kallona.

"Baban Walida, wai me aka ajiye a saman dutsen?"

"Ba komai. Ƙanƙara ce."

"To ga firiji nan. Ka jira a kawo wuta."

Ban kula ta ba. Na sabunta fasfo, na je aka yi mini allurar shawara aka ba ni katin nan mai ruwan ɗorawa, sannan kamfanin ya turo takardar kayan da za a tanada. Takalmi mai kauri, rigar sanyi, safar hannu, hular da ke rufe fuska sai ido, tocilan na ɗaurawa a goshi, sanduna biyu, batirin cajin waya, jakar ruwa mai tiyo wadda kake zuƙa kana tafiya, dogon wando mai kama jiki na sawa daga ciki, har da kwalba mai faɗin baki don fitsari idan sanyi ya hana ka fita daga tanti. Takardar ta kuma ce a riƙa atisayen tafiya da kaya a baya, a gwada tufafin a jiki tun a gida.

Neman kayan sanyi a Jimeta aiki ne. Garin da a watan Afrilu ko ƙadangare inuwa yake nema. Wasu kayan Bulus ya aiko mini daga Abuja, sauran na bi 'yan gwanjo. Dogon wandon cikin ne ya ba ni wahala, sai da ƙyar wani ɗan gwanjo ya zaro mini ɗaya daga ƙasan dila.

"Oga, dis wan na orijinal, daga Kanada. Ko a firiza ka kwana zufa za ka yi."

Na ce masa ai ruwan hoda ne, ga kuma furanni.

"Oga, wa zai gani? A ciki za ka sa."

Na ga maganarsa da hujja, na saya.

To, a nan ya kamata in faɗi wane lokaci ne, don kada a yi mini uzurin da ban cancanta ba. Shekarun nan ne da bam ya tashi a Jimeta ba sau ɗaya ba, mutanen Michika da Madagali da Mubi suka cika gari da 'ya'yansu da ƙullin kayansu. Ba ka shiga masallaci ko coci ko kasuwa sai an shafa ka da na'ura. Mutum ya ajiye leda a bakin hanya ya matsa, sai ka ga layin ya watse. Duk na san wannan. Ni kaina na sha tsallaka titi don na hango baƙo da jaka a baya. Amma idan girman kai ya shiga mutum, wurin da hankali yake zama ne yake fara kamawa.

Na yanke shawarar yin babban gwaji ranar Asabar, da kaya duka a jiki. Ban so in yi a unguwarmu ta Damilu ba, kada maƙwabta su samu abin hira. Mbamba kuwa ba ta taso ba, can gidan surukaina yake. Sai na zaɓi Damare, ƙetaren gada, cikin gonaki, inda na tabbata babu wanda ya san fuskata. Don jakar ta yi nauyi na ɗauko bulo biyu daga bayan gida, na naɗe su a wani zanen Hadiza da na gani a kan igiya, na cusa. Bayan sallar asuba na tari keke napep, na sauka can gefen gari, na laɓe bayan wata bishiya na shirya: rigar sanyi, safar hannu, hula har wuya, tocilan a goshi, tiyon ruwa ya zagayo ta kafaɗa, wayar caji ta fito daga jaka ta shiga aljihun ƙirji. Na ɗauki hoton kaina na tura wa Bulus. Ya amsa da, "Mutumina, ka fito sak." Bai ce sak me ba.

Minti ashirin na farko lafiya. Daga nan rana ta fito, zufa ta fara gangarowa har cikin takalmi. Na ce bari in bi ta cikin gari in gajarta hanya. Wata mata mai tallar nono ta hango ni, ta sauke ƙwaryarta a hankali, ta juya ta zura a guje. Na ɗauka kare ta gani, har na waiwaya. Wani mai shayi ya bar tukunyarsa a kan wuta. Ina isa wani fili kusa da masu sayar da itace sai agogon da Bulus ya aiko mini, mai ƙirga taku, ya fara ƙara, tit, tit, tit, wai yana taya ni murnar cika adadi.

Ban taɓa ganin fili ya zama wayam da sauri haka ba.

"Kai, tsaya nan. Kada ka motsa."

Mafarauta ne uku, daga cikin masu gadin gari, da bindigogin harbi-ka-ruga da layu har gwiwar hannu. Sun tsaya nesa, babbansu, wani dattijo mai jan rawani, ya saita ni. Bayansu kuwa mutane sun fara taruwa, kuma na ga wasu na sunkuyawa suna tsintar duwatsu. A nan ne raha ta ƙare mini. Na san abin da taro yake yi wa wanda ake zargi a kwanakin nan, kuma na san ba a jiran bayani.

Na ɗaga hannu, sandunan suna reto a wuyan hannuna. Na yi ƙoƙarin magana, hula ta toshe bakin.

"Cire wannan abu na fuska. Sannu sannu."

Na cire.

"Me yana cikin jaka?"

"Baba, bulo ne."

"Bulo."

"Eh. Atisaye nake yi. Zan je hawan dutse a Tanzaniya."

Dattijon ya juya ya yi wa na kusa da shi magana da Fulatanci. Ɗan abin da nake ji ya ishe ni in gane cewa ya ce ko dai ɗan ta'adda ne ko mahaukaci, kuma yana roƙon Allah ya sa na biyun ne.

Aka sa na sauke jakar, na riƙa fito da kaya ɗaya bayan ɗaya ina ɗagawa sama ina faɗin sunansa da amfaninsa, kamar mai tallar magani a tasha. Batiri. Jakar ruwa, wadda sai da na zuƙa na haɗiye a gabansu. Da na ɗaga kwalbar nan mai faɗin baki, aka tambaye ni ta mece ce. Na yi ƙasa da murya. Aka ce ba a ji ba. Na faɗa da ƙarfi, gaban maza da mata, cewa ta fitsari ce. Wani daga baya ya tambaya ko a Tanzaniya babu bayan gida.

Sannan dattijon ya nuna tumbina da bakin bindiga.

"Wannan fa? Cire riga."

Na rantse masa cewa wannan nawa ne, halak malak, shekara goma ina tara shi. Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na cire rigar sanyi, na cire ta ciki. Ya ce wandon ma ya yi kauri da yawa. Na roƙe shi da girman Allah. Ya gyara riƙon bindigarsa. Na kwance shi.

Haka na tsaya a tsakiyar Damare, hannu sama, tumbi waje, tocilan a goshi, cikin matsattsen wando ruwan hoda mai furanni, da ƙaton takalmi. Can sai wata murya da na sani sarai ta fito daga cikin mata.

"Wannan zani na Hadiza ne. Ni na ba ta."

Dada ce, mahaifiyar matata. Ashe suna ta zo tun jiya gidan wata 'yar ƙanwarta. Ku fahimci wace ce Dada a wurina: shekara goma sha biyar da aurena ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba, ko hula ban taɓa cirewa ba. Ta ratso taron da carbinta, ta ɗaga zanen daga kan bulo ta kakkaɓe, ta dube ni daga goshi har takalmi, ta ɗan daɗe a wajen furannin.

Dattijon ya tambaye ta ko ta san ni.

"Mijin yarinya na ne. Ma'aikaci ne a sakatariya. Ba shi da bam." Ta sake duban wandon. "Hankali ne dai ban sani ba."

Ni kuma, don tsabar ruɗewa, sai na durƙusa a yadda nake na fara gaishe ta. "Dada, ina kwana. An tashi lafiya? Ya gajiyar suna?" Ta amsa mini cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar yara, sannan ta miƙo mini zanen ta ce in rufa.

Nan fa dariya ta ɓarke, har da masu duwatsu a hannu. Amma ba kowa ya yi ba. Akwai wata mata zaune a gindin itace ta rungume 'ya'yanta biyu. Dattijon ya matso kusa ya ce mini a hankali daga Madagali ta gudo, kuma ta taɓa ganin irin wannan shigar, a ranar da ba a yi dariya ba. Wannan ta fi wandon yi mini ciwo. Na je na durƙusa na ba ta haƙuri, ɗaure da zanen matata. Ta gyaɗa kai kawai, ba ta dube ni ba.

A keke ɗaya muka dawo da Dada, ita a baya, ni a gefen direba rungume da jaka. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Hadiza zaune a tsakar gida tana share hawayen dariya, ta kasa ko yi mini sannu. Ranar Litinin a ofis kuwa, masinja ya gaishe ni da "Barka da saukowa, Oga."

Tafiyar dai na yi ta, tunda bayan wannan babu sauran abin da dutse zai yi mini. A ƙofar shiga, ɗan jagoranmu ya ga na sunkuci babbar jaka ina nishi, ya tambaye ni ina zan kai ta. Ashe akwai ma'aikata masu ɗaukar manyan jakunkuna. Ni abin da zan riƙe 'yar ƙaramar jaka ce mai ruwa da biskit. Ya ce ai an rubuta a shafi na biyu na takardar da aka turo, tare da gargaɗin cewa a gwada kayan sanyi a cikin ɗaki. Ban san takardar tana da shafi na biyu ba. Na kai kwana huɗu a dutsen kafin jiri da amai su sauko da ni, Bulus kuma ya kai ƙololuwa ya ɗauko mini hoton ƙanƙara.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada. Yanzu ko takardar maganin tari aka ba ni sai na juya bayanta na karanta. Kuma duk wanda ya ce mini "wa zai gani?", na san amsar: kowa, da surukarka a sahun gaba.